Ziyara a Kwalekwale

Ran Alhamis, in teku ya ɗan ja da baya,
nakan ɗauki Mbah Ngatemi a kwalekwale.
Ita a gaba, da furanni a ƙullin gyale,
ni a baya da filafili.

"Bi ta titi," in ji ta.
Wane titi, Mbah? Ruwa ne har ƙarshen gani.
"Ga turakun lantarki can, ko makaho ne kai?
Ratsa tsakaninsu,
kar ka taka wa mutane shuka."

Sai in bi.

Klapapitu sunan garin. Kwakwa bakwai, da yarenmu.
Ta ce wani baƙo ne igiyar ruwa ta tofar,
rungume da guntun katako,
ya shuka bakwai ɗin don godiya.
Ita ta tarar da uku.
Ni ko kututture ban tarar ba.

Nan hagu shinkafar Kasmuri ce,
girbi biyu a shekara.
Da gishiri ya fara lasar gindinta
sai ya haƙa tafki, ya zuba jatan lande.
Ya samu. Ya sayi jan babur, ya sa haƙorin Makka.
Sannan teku ya zo biko:
ya kwashi 'ya'yansa, ya haɗa da tafkin,
ya haɗa da ɗakin da babur ke kwana.
Yanzu gadi yake a wata masaƙa a Semarang,
ba ya cin komai da ya fito daga ruwa.

Can inda zalɓe ke tsaye da ƙafa ɗaya
firamare ce.
"Shi ne hedimasta yanzu," in ji Mbah,
"kuma ya fi na da haƙuri."

Masallaci kaɗai ya ƙi kwantawa.
Sau uku muna ɗaga daɓensa,
kowane gida da buhun tsakuwa,
har ƙofa ta gajarce:
sai ka yi ruku'u kafin ka shiga.
Gangar kiran salla na rataye a rufi,
kaguwa na bin sahu a ƙasa.

Gida ɗari biyu da sha ɗaya, ta ƙirga mini.
Saura shida.
Sauran an watse, kamar an jefa dutse cikin kaji,
wasu tudu, wasu birni,
kowa ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa ya tafi da shi.

Maƙabarta ba ta fitowa duka,
kawunan duwatsu ne kawai.
Takan gane nasa ba tare da ta duba ba.
Ta ciro cokali daga ɗamara
ta kankare katantanwa har sunan ya bayyana:
Darmaji.
Manomi ne. Ko rafi ba ya yarda ya haye,
jirgi kuwa, daga gani sai amai.
Yau shekara tara yana kwance a ƙarƙashin teku.
"Haka kake tun da," ta ce masa,
"ba ka tashi sai an tashe ka."

Ta ba shi labari: Sriyatun ta haihu, namiji,
shinkafa ta ƙara kuɗi,
gwiwar dama har yanzu.
Muka yi Fatiha.
Ta kwance gyale, ta zuba furannin,
ruwa ya raba su ga maƙwabta.
Ba ta hana ba.

A hanyar dawowa teku ya fara cikowa,
turakun na gajarta ɗaya bayan ɗaya.
Ta sa na maimaita: gonar wa, shagon wa,
inda aka yi biki har fitila ta kama rumfa.
Na cuɗa biyu, na sha silifa a gwiwa.

Da ta yi shiru na yi ƙarfin hali:
Mbah, in ranar ta zo,
tudu za mu kai ki, ko nan?

Ba ta waiwayo ba.
"Kula," ta ce,
"za ka hau rijiyar Wagiyem."

Babu komai a wurin sai ruwa.
Na karkata filafili, na kauce.